Saraikawan Pakistan: Harshe Mai Mutum Miliyan 28 da Ba Shi da Lardi

Saraiki harshe ne da ake yi a tsakiyar ƙasar Pakistan, a shimfiɗaɗɗen kwarin da kogunan Punjab suke haɗuwa kafin su zuba cikin kogin Indus. Cibiyarsa kudancin lardin Punjab ce, wato Multan da Bahawalpur da Dera Ghazi Khan da Muzaffargarh da Rahim Yar Khan, daga nan ya miƙa arewa zuwa Layyah da Bhakkar da Mianwali. Ya tsallaka iyaka zuwa Dera Ismail Khan a lardin Khyber Pakhtunkhwa, ana kuma jin sa a arewacin Sindh da gefen Balochistan. A ƙidayar 2023, mutum sama da miliyan 28 ne suka ce shi ne harshensu na gida, wato kashi 12 cikin 100 na jama'ar ƙasar. Punjabi da Pashto da Sindhi ne kaɗai ke gabansa. Ya fi Urdu, harshen ƙasa, yawan waɗanda suka tashi da shi, ya kuma ninka Balochi fiye da sau uku. Duk da haka, Punjabawa da Sindawa da Pashtunawa da Balocawa kowa yana da lardin da ke ɗauke da sunansa, Saraikawa kuwa ba su da shi. Daga nan rigimarsu da hukuma ta samo asali.

Harshen tsoho ne, amma sunan da ya haɗa masu shi sabo ne. Kafin shekarun 1960, kowane yanki da abin da yake kiran maganarsa. Mutumin Multan ya ce Multani, na masarautar Bahawalpur ya ce Riyasti, na garuruwan Dera ya ce Derawali, na hamadar Thal ya ce Thali. Maƙwabtansu Balocawa kuma suna cewa Jatki. Kalmar Saraiki a Sindh aka fi saninta, inda ake kiran maganar mutanen arewa da ita. Jami'in mulkin mallaka George Grierson, wanda ya jagoranci babban binciken harsunan Indiya, ya tattara waɗannan kare-kare da wasu na yammacin Punjab ya laƙaba musu suna Lahnda a kundin da ya fito a 1919. Sunan ya zauna a littattafan masana, amma babu wani mai harshen da ya taɓa kiran kansa da shi. A shekarun 1960 ne marubuta da lauyoyi da malamai na Multan da Bahawalpur suka fara amfani da Saraiki a matsayin suna ɗaya ga kowa, sannan babban taron adabi da aka yi a Multan a 1975 ya tabbatar da shi. Bayan shekara ɗaya masanin nan na Ingila, Christopher Shackle, ya fitar da littafin nahawun harshen da wannan suna a bangonsa.

Tambayar da ta fi ta da jijiyar wuya ita ce ko Saraiki harshe ne mai cin gashin kansa ko kuwa karin Punjabi ne. Masu kishin Punjabi a Lahore, babban birnin lardin Punjab, suna cewa kari ne, hujjarsu kuwa ita ce mutumin Multan da na Lahore suna fahimtar juna ba tare da tafinta ba, kuma magana tana sauyawa ne sannu a hankali daga gunduma zuwa gunduma, babu wata iyakar da za a nuna. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai su ma Saraikawa hujjojinsu na ji ne da kunne. Harshensu yana da baƙaƙe haɗiyau guda huɗu, biyu daga ciki su ne ɓ da ɗ da Bahaushe ya saba da su, sauran biyun kuma danginsu ne da ake furtawa a wajen j da g. Sindhi yana da su, Punjabin Lahore ba shi da ko ɗaya. A ɗaya ɓangaren, Punjabi yana bambanta kalmomi da karin sauti, abin da daidaitaccen Saraiki bai dogara da shi ba. Hanyar gina aikatau na lokaci mai zuwa ma daban take: inda Bapunjabe zai ce karega, wato zai yi, Basaraike karesi zai ce. Saboda sautuka irin waɗancan baƙaƙe haɗiyau ne aka ƙara haruffa biyar a kan abjadin Urdu domin rubuta harshen. Ilimin harshe ba ya iya yanke wannan shari'a shi kaɗai, domin a duk inda magana take gangarawa haka, siyasa ce ke ja layi. A 1981 gwamnati ta ja nata layin, ta ware wa Saraiki gurbinsa a takardar ƙidaya. Kusan kashi 10 cikin 100 na gidajen ƙasar suka zaɓe shi, adadin masu Punjabi ya ragu nan take, kuma a ƙidayoyi biyun da suka biyo baya kason Saraiki ƙaruwa ya yi: kashi 10.5 a 1998, kashi 12.2 a 2017.

Abin da ya haɗa Saraikawa harshe ne da wurin zama, wanda suke kira wasaib. Ta fuskar jini kuwa gauraye suke. Akwai Jat da Arain manoma, akwai manyan gidajen Balocawa irin su Leghari da Mazari da Khosa da Buzdar waɗanda da yawansu Saraiki suke yi a gida, akwai zuriyar Pashtunawan da suka zauna Multan da Mianwali tun ƙarnoni, ga sharifai da Ƙuraishawa masu riƙe da hubbaren waliyyai. Wannan gauraya ta ba harshen faɗi, amma ta sa kishin ƙabila bai yi zafi irin na Sindh ko Balochistan ba. Mutum yakan fara ambaton gidansu da danginsu da shehinsa kafin ya tuna shi Basaraike ne.

Adabi ne ya riƙa ɗaure su tun kafin siyasa. Multan gari ne da ake wa laƙabi da birnin waliyyai, a nan Bahauddin Zakariya da jikansa Shah Rukn-e-Alam suke kwance ƙarƙashin manyan ƙubbobi. Baba Farid, wanda aka haifa kusa da Multan a ƙarni na 12, Punjabawa da Saraikawa kowa yana cewa shi ne mawaƙinsa na farko, jayayyar da har yau ba ta mutu ba. Wanda ba a jayayya a kansa shi ne Khwaja Ghulam Farid, shehin ɗariƙar Cishtiyya da ya rasu a 1901, aka binne shi a Kot Mithan. Ya bar waƙoƙi fiye da 270 na nau'in da ake kira kafi, da yawansu a kan hamadar Cholistan, wadda mutanenta suke kira Rohi, da makiyayanta da tafkunanta da begen Ubangiji. Mawaƙa irin su Pathanay Khan sun yaɗa su a rediyo, Attaullah Khan Esakhelvi na Mianwali kuma ya kai waƙar Saraiki cikin kowace babbar motar kaya ta hanyar kaset. Direban da bai taɓa jin labarin taron 1975 ba ya haddace harshen daga nan.

Koken siyasa ya jingina da tarihi. Multan ta daɗe tana da matsayinta daban da Lahore. Larabawa ƙarƙashin Muhammad bin Qasim sun iso ta a farkon ƙarni na 8, ta yi sarakunanta na gidan Langah a ƙarni na 15, a zamanin daular Mughal kuma lardi ce mai zaman kanta. A 1818 rundunar Ranjit Singh, sarkin Sikh na Lahore, ta ci garin da yaƙi, aka kashe Nawab Muzaffar Khan yana kare ganuwa. Turawan Ingila suka karɓe Punjab a 1849, suka bar Multan a ƙarƙashin Lahore kamar yadda suka same ta. Masu fafutuka daga 1818 suke fara lissafin abin da suke kira Takht Lahore, gadon sarautar Lahore, kuma kalmar ta shiga bakin kowa har 'yan siyasar da ba su damu da harshe ba suna aron ta lokacin zaɓe.

Bahawalpur labarinta daban. Masarauta ce ta gidan Abbasi, an kafa birninta a 1748, ta ƙulla yarjejeniya da Ingila a 1833 ta tsira da sarautarta. A Oktoban 1947 Nawab Sadiq Muhammad Khan na biyar ya shigar da ita Pakistan, ya kuma tallafa wa sabuwar ƙasar da dukiya a lokacin da baitulmalinta yake fanko. Masarautar tana da majalisarta da gwamnatinta har 1955, lokacin da aka dunƙule dukkan yammacin Pakistan ya zama lardi ɗaya domin a daidaita shi da Bengal ta gabas. Da Janar Yahya Khan ya warware wannan dunƙule a 1970, Punjab da Sindh da lardin arewa maso yamma suka koma yadda suke, Balochistan ta zama lardi, Bahawalpur kuwa aka liƙa ta da Punjab a matsayin shiyya. Mutanenta suka ce an ci amanarsu, domin a fahimtarsu an yi alkawarin mayar musu da matsayinsu. Aka fito zanga-zanga, 'yan sanda suka buɗe wuta a Afrilun shekarar, aka rasa rayuka, kuma a zaɓen Disamba masu neman lardin Bahawalpur suka kwashi ƙuri'u masu yawa. Wannan yunƙuri bai ginu a kan harshe ba, har baƙin Punjabawa da masu Urdu sun shiga. Da ya mutu bayan ɓallewar Bangladesh, wasu daga cikin jagororinsa suka koma tafiyar Saraiki, wasu kuma suka riƙe Bahawalpur kaɗai. Wannan ɓaraka tana nan har yau, kuma ta yi wa masu mulki amfani ba kaɗan ba.

Zuciyar maganar dai ƙasa ce da ruwa. Tun daga shekarun 1880 Turawa suka fara haƙa manyan magudanan ban ruwa a busassun filayen yammacin Punjab, suka kuma zaɓi manoman tsakiyar Punjab, waɗanda suke ganin sun fi ƙwazo, suka raba musu sababbin gonakin. A shekarun 1920 aikin ban ruwa na kwarin Sutlej ya buɗe filayen Bahawalpur, aka sake kawo baƙi, waɗanda ake kira abadkar. Rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta sauya garuruwa: Hindu da Sikh, waɗanda ke riƙe da kasuwanci kuma da yawansu masu Saraiki ne, suka ƙaura Indiya, 'yan gudun hijira masu Urdu da Punjabi da Haryanvi suka gaje shagunansu da gidajensu. A 1949 aka kafa hukumar raya hamadar Thal, nan ma rabon gonaki ya fi faɗawa hannun baƙi. Daga baya aka riƙa yanka filaye a Thal da Cholistan ana ba hafsoshin soja da manyan ma'aikata da suka yi ritaya. Sakamakon shi ne a gundumomi da dama na kudu, ƙauyukan bakin magudanai da kasuwannin birni suna hannun baƙi, 'yan ƙasa kuma suna gefen kogi inda ambaliya ke ci, ko suna noma wa wani.

Yarjejeniyar ruwan Indus ta 1960, wadda shugaban Pakistan Ayub Khan da firaministan Indiya Nehru suka sa wa hannu da shiga tsakanin Bankin Duniya, ta ƙara wani ciwon. Ta ba Indiya kogunan Sutlej da Beas da Ravi. Sutlej shi ne kogin Bahawalpur, kuma a yawancin watannin shekara yashi ne kawai ke kwance a gadonsa. An gina magudanan da ke kawo ruwa daga wasu koguna don maye gurbinsa, amma na ƙarshen layi shi ke shan ƙishi. Batun bai tsufa ba. Shirin noman zamani da gwamnati da rundunar soja suka ƙaddamar a 2023 ya ƙunshi haƙa sabuwar magudana zuwa Cholistan. Sindawa suka tashi tsaye suna cewa ruwansu za a kwashe, har aka dakatar da aikin a Afrilun 2025, makiyayan Rohi kuma tambayarsu ita ce wa za a ba filin idan ruwan ya zo.

Kudancin Punjab yana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen lardin. Daga nan mafi yawan audugar Punjab take fitowa, ga mangwaro da alkama da rake. Amma a duk lissafin talauci, Rajanpur da Muzaffargarh da Dera Ghazi Khan ne ke ƙasan jerin gundumomin lardin. Ambaliyar 2010 ta shafe garuruwa a Muzaffargarh, ta 2022 ta gangaro daga duwatsun Sulaiman ta cinye Taunsa da Rajanpur. Mutumin kudu yana ganin Lahore ta samu layin manyan motocin haya a 2013 da jirgin ƙasa na cikin gari a 2020, yana kwatantawa da asibitin garinsu. Ko a wajen ɗaukar ma'aikatan tarayya, Punjab dunƙule take da kason rabi, don haka yaron da ya yi makarantar ƙauye a Rajanpur da ɗan babbar makarantar Lahore kujera ɗaya suke nema. Soja kuwa tun zamanin Turawa daga arewacin lardin, wajen Rawalpindi da Jhelum, aka fi ɗiba.

Ita hukuma tana da dalilinta na ɗari-ɗari. An gina Pakistan a kan cewa Musulunci da Urdu ne za su haɗa kan al'ummomi mabambanta. Rikicin harshen Bengali na 1952 da ɓallewar 1971 sun sa masu mulki, musamman soja, kallon duk wani kishin harshe a matsayin matakin farko na raba ƙasa. Rikicin 1972 a Sindh kan dokar harshen Sindhi ya ƙara musu tsoro. Kundin tsarin mulki na 1973 ya ba Urdu matsayin harshen ƙasa, ya bar wa majalisun larduna damar raya harsunansu, amma majalisar Punjab ba ta taɓa ɗaukar wannan dama da gaske ba, ko don Punjabin kansa. Yaron Multan da Urdu da Turanci yake karatu. Abin da Saraiki ya samu bai wuce shirye-shiryen rediyo, sashe a jami'ar Islamia ta Bahawalpur da wani a jami'ar Bahauddin Zakariya ta Multan, jaridu irin su Jhoke, da tashoshin talabijin masu zaman kansu ba.

Ƙungiyoyin da suka fito fili suna neman lardin Saraikistan a shekarun 1980 suka bayyana, zamanin Janar Ziaul Haq. Wanda ya fi shahara cikin jagororinsu shi ne lauya Taj Muhammad Langah, shugaban jam'iyyar Pakistan Saraiki Party, wanda ya rasu a 2013. Ba su taɓa ɗaukar makami ba, ba su nemi ɓallewa ba, kuma ba su taɓa yin wani tasiri a akwatin zaɓe ba. Dalilin a bayyane yake. Ƙuri'ar kudu tana hannun manyan masu gonaki da sarakunan gidaje da masu riƙe da hubbare, waɗanda manomi ba ya iya saɓa musu. Su kuwa ba a taɓa hana su mulki ba. Farooq Leghari ya yi shugaban ƙasa daga 1993 zuwa 1997, Yousaf Raza Gillani na Multan ya yi firaminista daga 2008 zuwa 2012, Shah Mahmood Qureshi ya riƙe harkokin waje sau biyu, Ghulam Mustafa Khar ya yi gwamnan Punjab, Usman Buzdar na Taunsa ya yi babban ministan lardin daga 2018 zuwa 2022. Masu sukar fafutukar suna cewa idan yankin da ya haifi waɗannan duka yana cikin talauci, to a fara tuhumarsu kafin Lahore, kuma sabon lardi zai iya zama gandunsu kawai. Wannan suka tana da nauyi, kuma masu fafutuka ba su ba ta cikakkiyar amsa ba. Abin da suke cewa shi ne attajirin da ke da majalisa a ƙofar gidansa ya fi sauƙin kamawa fiye da wanda ya tare a Lahore yana ɗora laifi a kan wasu.

Gyaran kundin tsarin mulki na 18, wanda aka yi a 2010, shi ya fito da maganar daga zauren marubuta zuwa majalisa. Ya ƙara wa larduna iko da kuɗi, ya kuma sauya sunan lardin arewa maso yamma zuwa Khyber Pakhtunkhwa, wato an amince a fili lardi ya ɗauki sunan al'umma. Daga nan kowace babbar jam'iyya ta rungumi batun. A Mayun 2012 majalisar wakilai ta ƙasa, ƙarƙashin jam'iyyar PPP, ta zartar da ƙudurin goyon bayan lardin kudancin Punjab. Kwanaki kaɗan bayan haka majalisar Punjab, inda PML-N ta gidan Sharif ke da rinjaye, ta zartar da ƙudurori biyu, ɗaya na kudancin Punjab ɗaya na maido da Bahawalpur. Neman biyu a lokaci guda hanya ce mai kyau ta hana samun ko ɗaya. Kwamitin majalisa ƙarƙashin Sanata Farhatullah Babar ya kawo shawarar lardi ɗaya mai suna Bahawalpur Janoobi Punjab, majalisar dattawa ta amince da daftarin a Maris 2013, wa'adin majalisar wakilai ya ƙare, maganar ta bi ruwa. A 2018 wasu 'yan majalisar kudu ƙarƙashin Khusro Bakhtiar suka fice daga PML-N suka haɗe da PTI ta Imran Khan, bisa alkawarin fara aikin lardi cikin kwana 100 na farko. Abin da aka samu a 2020 sakatariya ce ta kudancin Punjab, ita ma an raba ta tsakanin Multan da Bahawalpur don kada a ɓata wa kowa.

Shingen doka mai tsawo ne. Sashe na 239 ya ce duk gyaran da zai taɓa iyakar lardi sai ya samu kashi biyu cikin uku a majalisun tarayya biyu, sannan kashi biyu cikin uku a majalisar lardin da za a yanka. Ma'ana sai 'yan majalisar Lahore da Faisalabad da Gujranwala sun yarda su rage wa kansu ƙarfi. Punjab ke da kujeru 141 cikin 266 da ake zaɓa kai tsaye a majalisar wakilai, duk wanda ya riƙe ta ya riƙe ƙasa. A majalisar dattawa kuma larduna daidai suke, kowanne da kujeru 23, don haka lardi na biyar zai sauya lissafin kowa. Jam'iyyun ƙananan larduna suna son a rage wa Punjab girma, amma kowacce tana tsoron abin ya dawo kanta: PPP ba ta yarda a taɓa Sindh ba alhali jam'iyyar MQM na neman a ware Karachi da birane, masu kishin Pashtun ba su yarda yankin Hazara ko Dera Ismail Khan su fita daga Khyber Pakhtunkhwa ba.

Ko a cikin kudun ba a daidaita ba. Masu kishin harshe suna son suna Saraikistan, da iyakar da za ta haɗa Mianwali da Bhakkar da Dera Ismail Khan. Manyan jam'iyyu sun fi son a ce kudancin Punjab, a tsaya a shiyyoyi uku na Multan da Bahawalpur da Dera Ghazi Khan, a kira abin sauƙaƙa mulki. Zuriyar baƙin da aka kawo shekara ɗari baya, waɗanda su ne masu rinjaye a wurare irin su Vehari da Bahawalnagar, suna tsoron zama bare a lardin da ke ɗauke da sunan wani harshe. Wasu mutanen Mianwali sun yi zanga-zangar ƙin shiga a 2013, Bahawalpur kuma ba ta son ta tashi daga ƙarƙashin Lahore ta koma ƙarƙashin Multan. Indiya ta sake zana jihohinta bisa harshe a 1956, ta kuma ciro Haryana daga nata Punjab ɗin a 1966. Pakistan ta sauya iyaka a 2018 da ta haɗe yankunan ƙabilu da Khyber Pakhtunkhwa, amma tun ɓallewar Bangladesh a 1971 lardunanta huɗu ne, kuma majalisar da ke yi wa Multan da Bahawalpur doka da kasafi har yanzu a Lahore take zama.